Wiwi a Cikin Ramar Mama

Har yau akwai waɗanda a danginmu ba sa amsa gaisuwata da kyau, wai ni ce na tona wa gidanmu asiri. To, su riƙe gaisuwarsu. Ni na san abin da na gani a bayan ɗakin Mama a Nukkai.

Lokacin ba a daɗe da mayar da Jalingo babban birnin jiha ba, ko'ina ka duba gini ake yi. Ƙanena, autanmu, ya gama sakandare bai samu ci gaba ba, sai ya shiga lebura, yana ɗaukar kwanon kankare a ka har saman bene. A can aka koya masa shan wiwi. Wai idan ka ja ta ba ka jin rana, ba ka jin nauyi. Ni kuwa ina ɗinki a kasuwa, in fita da safe in dawo da yamma, ban san wainar da ake toyawa ba.

Mama tana da ɗan lambu na rama, irin mai ganye kamar yatsun hannu, da ita take kwaɗo tana sayarwa a bakin hanya. Wata Asabar na shiga in tsinko mata, sai hannuna ya kai kan wani tsiro a tsakiya. Ganyen kusan iri ɗaya, amma da na murza sai wani wari ya bugi hancina, warin da na saba ji a rigar Auta idan ina wanki. Tabɗi! A cikin ramar uwarsa ya shuka ta, don ya san duk mai wucewa rama zai gani.

Na kira Mama. Ko kallon tsiron ba ta yi ba, ni ta kalla. Nan na gane ta riga ni sani. Matar da take shuka rama tun tana yarinya, ta yaya baƙon ganye zai ɓoye mata?

"Rufe bakinki," ta ce. "So kike a ɗaure shi? So kike a ɗaure ni? Lambun nawa ne fa."

Ba ƙarya ta yi ba. Zamanin soja ne. Ɗan maƙwabciyarmu ƙulli ɗaya aka samu a aljihunsa aka tafi da shi, uwarsa ta yi ta jigilar tuwo zuwa gidan yari har ta rame ta ƙare. Mama ta ga wannan da idonta, tsoron ya zauna mata a ciki. Na tumɓuke tsiron na zuba a masai. Amma ina! A wajen aiki ake sayar da ita kamar gyaɗa.

Kafin damina ta wuce, Auta ya fara dariya shi kaɗai. Ya daina barci, ya daina zuwa aiki. Wata rana ya ɗauki rediyon Mama ya maka da ƙasa, wai mutanen da ke ciki suna zaginsa.

Aka aika wa Kawu, yayan Mama, ya zo daga Sunkani. Ya dubi yaron sama da ƙasa ya ce jifa ne, wani abokin aikinsa ne ya yi masa hassada. Aka kai shi gidan addu'a, aka sa shi azumi, aka shafa masa mai. Da bai yi sauƙi ba, aka lallaɓa da shi wajen wani mai magani a Lau, aka yi ta yi masa hayaƙi. Hayaƙi kuma! Ni ma mai zuwa majami'a ce, ban raina addu'a ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne kowa a gidanmu ya san gaskiya, amma an gwammace a ɗora wa mutumin da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Idan na ce asibiti, sai Mama ta ce likita zai gane, ya kira masu kamen wiwi.

Ranar da haƙurina ya ƙare, da rana tsaka aka aiko mini kasuwa. Auta ya tsaya a tsakiyar titi ya buɗe hannuwa a gaban tifa mai yashi, Allah ya sa direban yana da birki. Na bar ɗinki a kan keke, na samu samari suka taya ni sa shi a tasi. Ban nemi izinin kowa ba. Mama da Kawu suka biyo ni suna faɗa.

A asibiti likita ya duba shi, ya juyo ya tambaye mu ko yana shan wani abu.

"Ko sigari ba ya sha," in ji Kawu.

Mama ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi baƙi daga baya. Na cire hannunta.

"Likita, wiwi yake sha. Ya daɗe yana sha."

Ni ma ban tabbatar ba za a kira hukuma ba. Amma na riga na yanke: gara in riƙa kai masa tuwo gidan yari da in kwashe shi daga ƙarƙashin tifa. Likitan bai kira kowa ba. Ya ce da ya sani tun da wuri da aikin ya fi sauƙi, ya sa aka ba shi gado. Kawu ya miƙe ya ce daga yau ba shi ba ni. Mama ta fita ta zauna a gindin bishiya ta juya mini baya.

Na ji haushinta, amma na fi jin haushin dokar da ta firgita uwa har ta kasa kai ɗanta wajen likita. Na kuma ji haushin masu sayar da abin a gindin kowane gini, suna tafiyarsu ba mai taɓa su.

Bayan 'yan kwanaki allura ta kwantar da Auta. Na kawo masa kunun gyaɗa da safe, na same shi zaune a bakin gado, ya rame, idonsa ya faɗa.

"Yaya, ke kika faɗa musu?"

"Ni ce. Idan zagina za ka yi, sha kunun tukuna ka samu ƙarfi."

Bai yi dariya ba. Ya leƙa ƙofa ya ga ba kowa, sannan ya kama bakin zanena ya riƙe gam, kamar lokacin da nake raka shi makaranta.

"To ki ƙara faɗa musu muryoyin nan da nake ji ba su daina ba. Mama ta ce kar in faɗa, amma Yaya, tsoro nake ji."

Na ajiye kofin na tafi neman likita.