Sarkin Shiru Ya Ajiye Sanda

Wata ruɓaɓɓiyar wayar makirufo ce ta kashe wa Sarkin Shiru kunnen hagu, na dama kuma aikinmu ya ƙarasa shi a hankali. Makon jiya ya ajiye sandarsa. Ban ga wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kansa ba, shi ya sa ni mai kyamara na zauna zan rubuta.

Ga wanda bai san aikin fim ba: in ka ji maganar ɗan wasa tangaran, to akwai wani mutum tsaye inda kyamara ba ta ganinsa, ya ɗaga doguwar sanda sama da kansa, makirufo a bakinta, abin sauraro a kunnensa. In ya yi daidai ba mai tunawa da shi. In hannunsa ya gaji makirufo ya leƙo cikin hoto, kowa ya san sunansa.

Shi ke riga kowa zuwa wurin ɗauka. Kafin mu sauke kaya ya shiga ɗakin, ya tsaya a tsakiya, ya rufe ido. Sai ya fito ya ce a kashe firji, a sauke agogon bango, a ja janareta can bayan katanga. Ya bi ƙafafun kujeru yana ɗaura musu tsumma. Ya taɓa sa wata jaruma ta cire awarwaronta, ta wuni ba ta amsa masa gaisuwa ba.

In an gama fitowa kowa yana son ya miƙe ƙafa, sai ya ce, "Kowa ya tsaya inda yake. Zan ɗauki shiru." Wai kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi mai haɗa fim ke cike tsakanin magana da magana, in babu shi sauti ya riƙa tsalle. Mai fitila ne ya raɗa masa sunan. Ya ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Shiru, ka je gidan surukaina mana. Tun da na auri 'yarsu suke min shiru, sai ka ɗiba kyauta."

"Wannan shirun da gunaguni a ciki," in ji shi. "Ba zai haɗu ba."

Ranar da abin ya faru muna aiki da tsohuwar 'yar wasan da duk muke kira Gwaggo. Ciwo ya kama ta a maƙogwaro, an sa ranar yi mata aiki, likita kuma bai ɓoye mata ba cewa ba lalle muryar ta dawo ba. Fitowa ɗaya ta rage mata, inda take sallama da ɗanta. Muryar ta riga ta zama raɗa. Darakta ya tausaya mata, ya ce a ɗauki hoton kawai, daga baya a samo wata ta ɗora murya.

Gwaggo ta yafito shi, ta ce, "Fuskata da bakin wata? Gara ku cire ni daga fim ɗin."

Sarkin Shiru ya durƙusa gabanta. "Gwaggo, ke dai ki faɗa yadda za ki iya. Ji kuma aikina ne."

Rikodarmu ƙarama ce, ba ta da ƙarfi. Don ya tabbatar kalmominta ne ke shiga ba numfashi kawai ba, ya murɗa ƙarar abin sauraronsa har ƙarshe, abin da shi da bakinsa yake hana kowa. Wayarsa ba ta kai tsawon ɗakin ba, aka aro wata. Muka fara. Tana tsakiyar magana wayar aron ta motsa inda ta ruɓe, ta saki ƙara cikin kansa. Ni da ke gefe na ji ta kamar an ja ƙusa a kan kwanon rufi. Na ga wuyansa ya ƙage, idonsa ya kawo ruwa. Sandar ba ta motsa ba. Sai da darakta ya ce a yanke sannan ya sauke hannu, ya sa aka matso da rikoda ya maida tasa wayar, ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, sau ɗaya tak."

Na ce masa, "Kai, rage abin nan."

Bai juyo ba. Ta hagunsa nake tsaye. Nan na gane.

Ya danna abin sauraron a kunnen dama, bai rage komai ba, ya ɗauke maganarta har harafin ƙarshe. Sannan ya sa muka tsaya ya ɗauki shirunsa.

Likita ya ce ya rabu da abin kunne in yana son ɗayan ya tsira. Ya yi shekaru yana cewa bari a gama wannan fim ɗin tukuna. Maiɗakinsa ta tare ni wata rana a ƙofar gida ta ce, "Ku kuka cinye min kunnen miji. Yanzu sai na zagaya ta dama kafin in yi masa faɗa, kafin in isa na huce." Muka yi dariya, amma ita tata ba ta kai ido ba.

Sarkin Shiru, kai ne ka koya min hoto mai kyau da sauti marar kyau shara ce. Kai ne ka tsaya hannu a sama har kafaɗarka ta karkace, sunanka yana wucewa can ƙasan rubutun ƙarshen fim lokacin da mutane suka tashi neman takalmansu. Na gode. Allah ya saka maka, ya bar maka ɗan abin da ya rage.

Ku kuma masu tasowa, kuna ta gasar wa ya fi babbar kyamara da dogon gilashi. Ku duba wayoyin kayan sautinku kafin ku kunna. Kada ku sa wa mutum wayar da ba ku gwada ba. In mai sanda ya ce a yi shiru, ku yi shiru.

Muryar Gwaggo ba ta dawo ba. Ranar da muka taru don sallamar Sarkin Shiru ta zo da jikokinta, waɗanda da hannu kawai suka san maganarta, muka kunna musu wannan fitowar. Ƙaramar ta kalli allo, ta kalli kakarta, ta ce, "Ashe haka kike magana." Gwaggo ta rufe fuska da mayafi.

Shi kuwa ya ja kujera har gindin lasifika, ya karkata kunnen dama. Da aka gama ya taɓa ni.

"Ta fito?"

Na ce, "Ta fito tangaran."

Bakina ya tsura wa ido, sai da na maimaita, sannan ya gyaɗa kai.