Injin Taubashina

Shekarar da ruwan dam ya fara zaunar da mutane noman rani, ni ne bakaniken da ake kawo wa injin ban ruwa a Wurno. Na san halin waɗannan ƙananan injina. Cikin silindarsu akwai ɗan shafin ƙarfe mai ƙyalli, bai kai kaurin bawon albasa ba. Sabon inji sai an lallaɓa shi: a bar shi a silo, yana juyawa a hankali, wuni guda ba ya jan ruwa, a zubar da baƙin man farko, fistin ya saba da mazauninsa. Wanda ya yi gaggawa ya kankare shafin nan, injin ya tashi aiki.

Taubashina, ɗan gwaggona na Magarya, ya sayar da bijiminsa ya sayi inji saboda albasar da ya dasa. Bai kawo mini na duba ba, wurin wani ya kai aka haɗa masa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ranar kasuwa ya tare ni cikin mutane yana tsokana, wai bakaniken ƙauye ba ya taɓa sabon kaya. Da ya gama, sai ya rage murya ya tambaye ni yadda ake fara tayar da injin.

Na ce, "Sabon inji awa jaki ya ke. Ka ja totur ɗin har ƙarshe tun ranar hwarko, in ba haka ba ya raina ka."

Ban yi murmushi ba. Da gangan na ƙi yi.

Bayan kwana huɗu ya shigo rumfata da injin ɗaure a bayan babur. Na kwance shi a gaban jama'a, shafin ya ɓare, silinda duk zane. Kafin a samo wata daga Sakkwato albasa ta ƙone. Ya faɗi wanda ya ba shi shawara, rumfa ta kwashe da dariya. Wa ke riƙe maganar taubashi? Kuma wa ke fushi da wasan taubashi? Dole shi ma ya yi dariyar. Na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Bayan girbi ya zo da ƙwarya cike da albasa, kowacce ba ta fi goro ba. Ya ajiye kusa da ƙafata.

"Ga abin da munka samu dut. Na ce in kawo maka, tunda kai ka noma ta."