Robar da aka bari a wuyan Inna

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, inda na karanta ilimin halittu, ina zaune da mahaifiyata a Kokoro, ina taya ta sayar da atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar. Ni mutum ce mai yawan fargaba, ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba.

An yi wa Inna aikin hanji, ga ciwon suga. Bayan aikin aka mayar da ita wani ƙaramin asibiti a unguwarmu, wanda ɗan riƙonta yake gudanarwa. Ita ta raine shi tun yana maraya, Yaya nake ce masa. A wurinmu, ɗauke mara lafiya daga hannun ɗan gida cin fuska ne, don haka ba wanda ya yi tunanin wani wuri.

Zazzaɓi ya ƙi sauka. Yaya ya ce palu ce, wato zazzaɓin sauro, ya yi ta canza allurai masu ƙarfi ta robar da aka sa mata a jijiyar wuya tun ranar aikin. Ni kuwa na taɓa karanta cewa masu daɗewa a gadon asibiti, musamman masu suga da masu irin wannan roba, wata ƙwayar cuta dangin funfuna kan shiga jininsu, kuma maganin da Yaya yake ba Inna ba ya kashe irin wannan ƙwayar. Ni ba likita ba ce, amma na roƙe shi ya aika jininta gwaji. Ya yi dariya ya ce digiri ya hau mini kai. Daga baya ya dafa kafaɗata ya ce, “Ƙanwata, na aika, jinin Inna fes yake.” Na yarda, har na ba shi haƙuri.

Sai da Inna ta fara cewa tana ganin hazo kawuna ya yi ta maza ya kai ta babban asibiti. Nan take suka cire robar, gwaji kuma ya nuna abin da na ji tsoro. Likitar da ta duba ta ta ce cutar ta riga ta kai ga ido. Da kawu ya titsiye Yaya, sai ya amsa cewa bai taɓa aika jinin ba. Wai in gwajin ya nuna wani abu za a ɗauke ta daga hannunsa, kuma da an ɗauke ta, mutanen unguwa za su ce ya kasa warkar da matar da ta raine shi.

Inna ta rayu, alhamdu lillahi, amma idonta ɗaya ya tafi, ɗayan ma dishi-dishi. Ba zan ce da an gwada da wuri lalle idon zai tsira ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ya dube ni ya yi ƙarya don kare sunansa.

'Yan'uwa, in zazzaɓin majinyacinku ya ƙi jin magani a asibiti, ku tambayi yaushe aka sa robar, ku nemi ganin sakamakon gwaji da idonku, ko da ɗan gida ne likitan. Inna ta koma kasuwa. Yanzu da yatsu take gane atamfa, ni nake faɗa mata launi.