Ƙarfen da ke Bayan Ɗakin Kawu

A bakin Inna na fara jin ana ce wa yayanta, wato Kawu, Mai Waya. Kawu da hannunsa ya haɗa rediyon hira da mutanen nesa. Don ya kamo dogon zango, ya ja waya har kan bishiya, ya kafa ƙarfe a bayan ɗakinsa. Ya ce sai ƙasar wurin na da danshi murya ke fita.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, rediyon ya koma shuu kawai. Ya ce kunnensa ne ya mutu, ya kyautar da rediyon. Ina tsaye aka fita da shi. Wata uku ke nan ina mance abin da ya roƙe ni: "'Yar nan, in za ki makaranta, ki zuba wa ƙarfen nan ruwa."