Raka'ar Da Na Ƙara A Bakin Teku

Ni dai tun asali matsoraciya ce, ba na ɓoyewa. A Katsina aka haife ni, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na kududdufin bayan gidanmu, wanda in ya cika da damina kowa ya san inda bakinsa yake tsayawa. Da kamfanin da maigidana yake yi wa aiki ya tura shi Ankara, babban birnin Gana, cikin shekarun tamanin, kuka na yi har ido ya kumbura. Muka tafi mu uku, ni da shi da 'yarmu guda. Ita kuwa yarinyar nan sai da na yi shekara bakwai ina jiranta, na yi ɓari biyu kafin ta zo, kuma bayanta Allah bai sake ba ni ba.

A Maamobi muka kama haya, ɗaki da falo a wani gida mai mutane kamar kasuwa. Babu abin da bai ba ni tsoro ba a unguwar nan. Akwai wata ƙatuwar kwata da ta ratsa tsakaninmu da unguwar Nima, an gitta mata katako ana wucewa, ni kuwa sai na yi bisimilla uku kafin in taka. Lungunan ƙanana ne, in kin shiga ba ki san ta inda za ki ɓulla ba. Da safe in na fita sayen koko da ƙosai, yarinyar tana bayana, na ɗaure ta da majanyi biyu, matan gidan suna yi mini dariya.

Mai gidan hayar wata Hajiya ce, haifaffiyar Nima, mai faɗa da kyauta. Amarya take ce mini duk da na kusa shekara goma a ɗakin miji, kuma irin Hausarsu ta can ba ruwanta da mace ko namiji.

"Amarya, kai tsoronka ya yi yawa," in ji ta. "Sauke yaron nan ya taka ƙasa, ba mai cinye shi."

Ni kuwa in ce a zuciyata, ke da kika haifi tara ai kya faɗi haka.

Maigidan shi mutum ne mai son gani. Ya sayi wata 'yar kyamara, duk Lahadi sai ya ce mu shirya. Mun je gidan namun daji, mun je filin jirgi mun tsaya bayan waya muna kallon tashi da sauka, mun hau dutsen Aburi a cikin motar haya da suke kira turoturo, ina riƙe da kujerar gaba ina salati tun daga ƙasa har sama. A wanke hotuna, ya rubuta bayani a bayansu, ya aika gida. A kowane hoto za ka gan ni fuska a ɗaure, na ƙanƙame yarinya kamar za a ƙwace ta. Wuri ɗaya ne na ce ko da wasa ba ni zuwa, shi ne bakin teku. Shekara guda cur yana lallashi ina ƙi.

Sai ga wasiƙa daga surukata. Ƙafafunta sun matsa mata, kuma an ce mata ruwan teku magani ne in ana shafawa, don haka a ɗebo mata galan guda a ba masu motocin goro su kai. Maigida ya karanta mini yana murmushi, don ya san an gama da ni. Wa zai ce ba zai raka miji ɗebo wa uwarsa magani ba?

Ran Lahadin na dafa shinkafa da wake, na zuba a kwano, na ɗauki tabarma da buta. Hajiya ta tare ni a bakin ƙofa.

"Amarya, teku ba kogi ba ne. Ba a ɗauke masa ido, ka ji ko?"

Na ce na ji. Amma Hajiya mace ce mai camfi, kullum da abin da ba a yi, ba a shara da magariba, ba a yin fito da baki da dare. Na ɗauka zancen aljanun ruwa take yi, na karanta abin da na iya a cikin mota na shafe yarinyar, na ce shi ke nan.

Tun kafin mu ga ruwan na ji ƙararsa. Da muka ɓullo ta tsakanin itatuwan kwakwa sai na tsaya cak. Abu ba iyaka, ya haɗe da sama, yana tasowa yana faɗuwa ba hutu. Na ce wa maigida ni nan zan tsaya. Ya ja ni da hira har muka ɗan matsa, na zaɓi wurin da yashi yake a bushe ƙamas, na shimfiɗa tabarma. Na ma auna da idona, daga inda kumfa take tsayawa zuwa tabarmar ya fi taku ashirin. A garinmu wanda ya zauna taku ashirin daga bakin ruwa ai ya zauna lafiya.

Maigida ya naɗe wando ya shiga ya cika galan, yarinyar tana tafi tana dariya a cinyata. Lokacin shekararta biyu da rabi, ba abin da take so kamar kwaikwayo. In ina shara ta ɗauki tsintsiya, in ubanta yana alwala ta tsuguna kusa da shi tana shafa kai. Ta ga ya cika galan, ta ce ita ma a ba ta buta, na buge hannunta. Muka ci abinci, ya ɗauke mu hoto, iska ta kwashe yarinyar da barci. Har na fara cewa a raina ashe abin bai kai yadda nake tsoro ba.

La'asar ta yi. Maigida ya ce ruwan teku mai tsarki ne, muka yi alwala da shi, gishirin ya cika mini baki. Ya duba rana ya daidaita alƙibla, sai tekun ya koma damanmu, can baya-baya. Ya tsaya a gaba, na tsaya a bayansa, na kwantar da yarinyar a kan zane a bayana kaɗan don kada in take ta.

Akwai wata mata can gefe, ƙatuwa, 'yar ƙabilar masuntan wurin, tana zaune da kwandon kifi. Muna shirin tayar da salla ta miƙe tana yi mana magana da ƙarfi cikin yarensu, tana nuna tabarmar, tana nuna ruwa, tana kaɗa hannu. Raina ya ɓaci. Na ce wa maigida, "Ka gani ko, sallar ma ba za a bar mu mu yi ba. Yashin ubanta ne?" Ya ce in rabu da ita. Na harare ta, na gyara lulluɓi, na kabbara.

Rana tana bayanmu, inuwarmu ta miƙe a gabanmu kan yashi. A raka'a ta biyu na ga wata 'yar inuwa ta taso kusa da tawa, na san yarinyar ta farka. Inuwar ta sunkuya, ta ɗago da wani abu mai hanci. Buta ce. Ta ɗan tsaya tana rangaji, sannan ta fara ja da baya, ta zame daga gefen idona, ta ɓace.

Mahaifina malami ne, kuma da bulala ya koya mana salla. Yakan ce ko kunama ce ta hau ƙafarki ba ki waiwaya, kina gaban Ubangiji. Ban taɓa yanke salla ba tunda nake. Na ce a raina taku ashirin ne, ƙafarta ƙarama ce, kafin ta kai mun idar. Bakina yana karatu ban san abin da nake karantawa ba. Maigida kuwa ranar ya ga dama yana jan kowace kabbara. Muka yi zaman tahiya, muka miƙe, muka yi ruku'u, ina jin muryar matar nan tana ƙara tashi, ƙarar ruwa tana danne ta.

Ina cikin sujada na ji sanyi ya taɓa yatsun ƙafata. Ruwa ne. Ya zo har kan tabarma.

Ban san yadda na miƙe ba. Na juya, babu taku ashirin, babu busasshen yashi, duk ya zama ruwa mai kumfa yana komawa da gudu. Zanen da na kwantar da ita yana tafiya a kai. Can na hango butar tana juyawa, ita kaɗai. Na buɗe baki in kira sunan 'yata, wallahi murya ta ƙi fita. Ƙafafuna suka nutse cikin yashi, na ji ruwan yana janye ƙasa daga ƙarƙashina, na faɗi a gwiwa.

Sai na ga matar. Ta riga ta shiga har ƙugu, kwandonta ya kife, kifi ya watse. Wani tudun ruwa ya taso ya rufe ta gaba ɗaya, na ce shi ke nan, sun tafi su biyu. Da ya wuce sai ga ta ta ɗago, hannunta ɗaya yana riƙe da rigar yarinyar ta baya. Ta fito tana tangaɗi, ta kifa ta a cinyarta, tana bubbuga bayanta. Yarinyar ta yi laushi, kai yana lilo, leɓɓanta sun canza launi. Na rarrafa na isa wurinsu ina cewa innalillahi, innalillahi, ban iya ƙarasawa ba. Matar ta sa yatsa ta buɗe mata baki, ta sake bugawa. Ruwa ya fito, shinkafa ta biyo, sannan kuka. Ban taɓa jin abin da ya kai kukan nan daɗi ba.

A lokacin maigida ya sallame. Bai ji komai ba sai ruwan da ya jiƙa masa ƙafa a raka'ar ƙarshe, ya daure ya idar. Ya juyo ya gan mu, kyamarar tana wuyansa, ya zauna daɓas a cikin ruwan.

Matar ta miƙo mini 'yata, ta kama kunnena ta murɗa kamar uwata, tana faɗa cikin yarenta, hawaye yana zubo mata. Ta nuna mini can sama wajen itatuwan kwakwa, inda ruwa ya tara ciyayi da tarkace a jere. Nan ne iyakarsa in ya cika da yamma. Tun ɗazu abin da take gaya mana ke nan, ni kuwa ina harararta. Maigida ya ciro abin da ke aljihunsa don kifinta, ta ture hannunsa, ta tsince abin da ya rage ta tafi. Ko sunanta ban tambaya ba, kuma ba ni da kalma ɗaya ta yarenta da zan ce mata na gode.

A mota yarinyar ta yi barci a ƙirjina, ni kuwa kowane minti sai na kai kunne hancinta. Da muka isa gida Hajiya ta ga kayanmu a jiƙe, ta dube ni, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta karɓi yarinyar ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta shafe ta da man kaɗanya, ta kawo mini kunu na kasa sha. Galan ɗin ya tafi Katsina, surukata ta aiko da godiya, ta ce ƙafa ta yi sauƙi. Ba mu gaya mata komai ba.

Bayan nan maigida bai sake cewa mu shirya ran Lahadi ba. Ni kuma har muka baro Gana, in zan yi salla sai na ɗaure gefen rigar yarinyar da bakin zanena. Yanzu ita ce da 'ya'ya huɗu, ba ta tuna komai, dariya take yi in na ce kada ta kai mini jikoki wurin ruwa.

Duk wanda ya ji labarin nan daga bakin maigida, cewa yake yi ina jin motsi na yanke salla na ruga. Haka ya ɗauka, haka yake faɗa yana yabona, har Allah ya karɓi ransa ban gyara masa ba. Na ga inuwarta ta ɗauki buta, na ga ta tafi, kuma na tsaya na ƙara raka'a guda.