Ranar da allon jirgin abokina ya daina nuna zafin inji

Shekarun baya, lokacin ina zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Ardwick ta Manchester, abokina ya kira ni da safiyar wata Asabar. Tare muka yi makaranta a Kano. Shi ya zama akanta a Birmingham, ni kuma ina aikin haɗa kwamfutocin ofisoshi a Manchester. Yana da wani dogon jirgin ruwa siriri, irin waɗanda ake ɗaurewa a bakin kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jirage, wajen unguwar Selly Oak a can Birmingham. Mun sha tsokanarsa a kai, wai Bakano da jirgin ruwa.

Ya ce, "Mutumina, allon jirgin ya daina nuna komai na inji. Zafi, ƙarfin mai, gudu, duk babu. Mai gyaran kuma sai mako mai zuwa."

Na tambaye shi saurin me yake yi. Ya ce ranar Litinin za a mayar da matarsa asibiti a ci gaba da yi mata maganin ciwon daji, ita ce kuma ta roƙe shi ya fita da ita kan ruwa kafin nan. A hanyar akwai wani dogon rami mai duhu inda kanal ɗin ya ratsa ta ƙarƙashin tudu, ga shi injin ya taɓa yin zafi ya mutu masa. Ba zai shiga ramin nan da mara lafiya ba alhali ba ya ganin zafin inji.

Na hau jirgin ƙasa na tafi. Ni ban iya iyo ba, ban kuma taɓa taka jirgin ruwa ba. Ina sa ƙafa ya ɗan motsa, na rungume ƙarfen gefe da hannu biyu. Matarsa na zaune a ciki lulluɓe da bargo, ta rame sosai, amma sai da ta yi dariya.

"Injiniya, ruwan nan fa ko ƙirjinka ba zai kai ba."

Da na natsu na duba, allon yana nuna taswira da cajin batir, na inji ne kawai ya ɓace. Ke nan allon lafiyarsa ƙalau. Abokina ya nuna min wata waya mai kauri da ta taso daga gaban jirgin zuwa baya, kowace na'ura a jikinta take rataye. Nan na ji na dawo gida, don irin aikina ne. Fiyus bai ƙone ba, wuta na zuwa. Muka kashe batir na ɗora mita a kan wayar. Inda ya kamata ta nuna sittin, sai ta nuna ɗari da ashirin. Kowane ƙarshen wayar yana da ɗan murfi da ke rufe layin, wannan lamba kuwa tana nufin ɗaya daga cikinsu ba ya aiki.

Na gaba lafiya lau. Na baya yana ƙarƙashin katakon da ake tsayawa a yi tuƙi, kusa da inji. Na kwanta rub da ciki, kaina a ƙasa, farar rigata tana shan baƙin mai. Can na lalubo mahaɗar da akwatin inji ya shiga layin, murfin a jikinta. Ruwan sama ya daɗe yana ɗiga a kanta, cikinta duk ya yi kore da tsatsa.

Abokina ya ɗauki mota ya tafi shagon kayan jirgi neman sabuwa, ya bar ni da matarsa. Na haɗa mana shayi. Na ce ban san tana son ruwa haka ba.

Ta ce, "Ba na sonsa. Sanyi ne da shi. Amma tun da aka fara maganin nan Baban yara ba shi da aiki sai kallon fuskata, yana neman abin da ya canza. In yana tuƙi, dole ya kalli gabansa. Ina so ya huta ko na yini ɗaya ne."

Na ci gaba da juya cokali a kofi.

Da ya dawo muka sa sabuwar mahaɗar, na ɗaure ta sama inda ruwa ba zai same ta ba. Ya tayar da inji. Lambobin suka fito ɗaya bayan ɗaya, na zafi ne na ƙarshe. Ya dafa kafaɗata. Suka ce in bi su, na ce ni iya nan jarumtata ta tsaya. Na ɗan raka su, na sauka a gada ta gaba na tsaya ina kallonsu, shi idonsa a kan hanya, ita kuma tana kallonsa.

Ta rasu a shekarar da ta biyo baya, Allah ya ji ƙanta. Har yau in zancen ranar ya taso, abokina yakan ce ya gode wa Allah da ya cika mata burinta na hawa ruwa. Ban taɓa gaya masa abin da ta faɗa min ba. Kowannensu ya yi tafiyar nan ne don ɗan'uwansa, ni kuma ba na jin ina da hurumin gyara masa labarin.