Kwamfutar 'yata da jiƙaƙƙen buhu

Kafin wani ya riga ni faɗa, wawan labarin nan ni ne, da furfurata da komai.

Shekarar da muka baro arewacin jihar nan a guje saboda rikici muka sauka unguwar Rumde a Jimeta, ba mu tsira da komai ba sai kayan jikinmu da kwamfutar babbar 'yata, malamar firamare. A ciki hotunan gidanmu suke, har da na marigayiya uwarta tana tankaɗe a tsakar gida. A iya sanina babu su a ko'ina sai nan.

Da hankali ya kwanta, wani abokin hirata ɗan fansho ya ce yanzu da kwamfuta ake haƙo kuɗin intanet, wai kirifto, ba diga ba shebur. Ya rubuta min inda zan sauko da manhajar. Ni kuwa na yi aji huɗu, Turanci ba ya ba ni tsoro sai in ya yi tsawo. Na jira 'yata ta tafi kwas na kwana uku, na zuba manhajar a kwamfutarta.

Rigakafin kwamfutar ya yi ja, ya ce akwai cuta. Manhajar kuma ta ce in kashe shi, yana hana aiki. Na auna maganganun biyu da hikimar tsufa, na kashe shi.

Nan take fankar cikinta ta kama gurnani, jikin kwamfuta ya yi zafi kamar kwaltar Jimeta da azahar. Na ce madalla, mai haƙa dole ya yi gumi. Na jiƙa buhu na shimfiɗa mata kamar randa, ina yi mata sannu da aiki.

Da 'yata ta dawo, hotuna suka ƙi buɗuwa. Ta cire intanet, ta goge duk abin da ke cikin kwamfutar tas, ta kunna rigakafin. Sannan ta zaro filashi daga jaka, ɗan abu kamar yatsa. Ashe ta daɗe da kwafe hotunan a ciki.

Da fuskar uwarta ta dawo kan kwamfutar, ni ma bakina ya dawo. Na gyara zama na ce, "Ai laifin rigakafin ne. Da ya yi bayani da Hausa, da na gane."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Baaba, mai gadi ya yi ihu, ɓarawo ya ce ka kore shi, ka kora. Wannan ko da Fulatanci aka faɗa maka, haka za ka yi."